Takarda Mai Jan Layi

Alhamis, da yamma

Mai Awona,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen sansaninku, kuma ƙafar nan da ƙusa ta soka ta warke. Mu nan lafiya lau. Mama ta koma gida yau da safe bayan kwana uku a wurina. Likitan ido ya ce ba sai an yi mata aiki ba, tabarau kawai za a sake mata. Ta ce in gaishe ka, in kuma ce ka rage shiga rana.

Gobe da sassafe direban motar kayanku zai karɓi wannan wasiƙa, tunda wayarku har yanzu ba ta kamawa a dajin nan. Yau ce ranar da komai nawa ya birkice, kuma ta fara ne kamar kowace ranar wahala da na saba.

Ban taɓa yi maka bayanin aikina dalla-dalla ba, don kullum cewa kake aikin zama ne. Ina zaune a tagar ɗakin gwaji, in karɓi kwalaben jini, in rubuta sunaye a rajista. In sakamako ya fito, sai in sa alama a gaban sunan, in zuba takardun a tire. Inna, dattijuwar nan da nake ba ka labari, ita ke sa hannu ta ɗauki tiren ta kai wa Likita. Sakamakon da ke na gaggawa, mai gwaji yakan ja masa jan layi a sama, don Likita ya fara da shi.

Tun safe yau wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, layi ya kai har bakin ƙofa. Wani mutum ya yi mini tsawa a kan na rubuta sunansa da ƙananan baƙi. Wata ta kifar da kwalbarta a kan rajistata. Ina cikin gogewa sai aka shigo da wata mata ranga-ranga, mai ciki wata bakwai, ta faɗi a kasuwa. Ashe ran Litinin ta zo an gwada ta, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, mai gwaji ya ja jan layinsa. Takardar ba ta isa hannun Likita ba. Shi kuma da bai ga ja ba, ya ce ta je gida ta dawo mako mai zuwa.

An ƙara mata jini, ta farfaɗo, cikin ma yana nan. Amma mijinta ya tsaya a tsakiyar baranda yana cewa sai an nuna masa wanda ya so kashe masa mata. Manaja ya sa muka kwashe kowace durowa. Ni na fi kowa nema, har ƙarƙashin kabad na shiga da gwiwoyina. Da aka buɗe rajista, ga alamata, ga sa hannun Inna. Manaja ya dube ta a gaban kowa ya ce, “Inna, in idon ya gaji, a faɗa mana. Nan ba gidan hutu ba ne.” Ta dai riƙe tirenta da hannu biyu.

Na dawo gida kaina kamar zai tsage. Na cire takalmi, na kunna talabijin, na ba ta ɗan marin nan da take so kafin hoto ya tsaya. Ana shirin 'yan'uwan nan uku da ke faɗa a kan gidan gado, babban ya kulle kansa a banɗaki don kada a raba. Na yi dariya har da hawaye. Da shirin ya ƙare na rage murya, na haɗa shayi, na ce yau dai zan san wanda ya kashe mai gyaran agogo. Littafin nan ne da na ce maka ya hana ni sakat, mai ɗan sandan ciki da ke ɗingishi. Tun Litinin yana cikin jakata ban taɓa shi ba, saboda ba na karatu a gaban Mama.

Na buɗe inda na tsaya, shafi na ɗari da arba'in da uku. Takardar da na sa alamar shafin da ita tana ninke biyu. Jan layin ya fito ta bayanta.

Sai komai ya dawo mini. Ran Litinin layi ya yi sauƙi, na buɗe littafin a cinyata ƙarƙashin tebur. Muna da wata al'ada ni da Inna: in ta hango Manaja, sai ta yi tari sau biyu. Ta yi tarin. Na riga na sa alama a rajista, takardu suna gabana, na fizgi ta sama na cusa a littafin, na jefa shi jaka. Inna ta zo ta sa hannu ba tare da ta duba ko sun cika ba. Ba ta taɓa dubawa ba, cewa take, “'Yata ta duba, ni mene ne nawa?”

Shayin ya huce a gabana. Talabijin na ta magana ita kaɗai. Ban faɗa wa kowa ba, kai ne na farko. Me zan yi?

Matarka

*

Lahadi, daga sansani

'Yar Littafina,

Amin wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na gode Allah da kuke lafiya, na kuma ji daɗin maganar idon Mama. Ƙafa ta warke, sai dai tabo. Ruwan sama ya dame mu, mun yi kwana biyu ba mu kafa ƙarfen awon hanya ba, muna zaune a tanti muna kallon juna kamar kaji.

To, Malama, wannan karon kin kusa kama ni. Wallahi har gabana ya faɗi da na zo wurin jan layin. Sai na tuna watan jiya ke ce kika tsinci taswirar dukiya a buhun gawayi, kafin nan kuma kika sa na yi mako guda ina zargin maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ɗan leƙen asiri ne. Amma wannan ya fi su duka. Kin sa Inna a ciki, kin sa Manaja, har da marin talabijin. Na ce wa kaina, yarinyar nan ta fara iya ƙarya mai kama da gaskiya.

Kada ki ji haushi, na karanta wa mutanen tantinmu, don zaman ya ishe mu. Kuku ya bar albasa tana ƙonewa yana saurare. Da na kai “Me zan yi?” sai musu ya kaure. Mai buldoza ya ce ta ƙona takardar ta watsa tokar a kwata, shi ke nan. Kuku ya ce a'a, ta tura ta bayan kabad, mai shara ya tsinta, kowa ya huta. Na ga kamar na Kuku ya fi dabara, ki duba ko zai shiga babi na gaba.

Da suka tambaye ni nawa ra'ayin, na ce ni dai Allah ya raba ni da irin wannan matar. Mace ta zauna tana karanta tatsuniya a kan jinin mutane? Da matata ce, ina zan sa fuskata a gaban Kawu, shi da ya taka da ƙafarsa ya roƙa mata aikin? Mai buldoza ya ce, “Ka gode Allah taka a takarda kawai take ɓarna.”

Ki aiko da ci gaban, an sa ni gaba. Kuku yana so ya san ko matar ta haihu lafiya, ni kuma ina so in san wanda ya kashe mai agogon, tunda kin jawo ni ciki. Ina zargin ɗan'uwansa.

Ki gaida Inna ta gaskiya, ki ce mata kin mai da ita 'yar cikin littafi. Ki rufe tagar kicin in za ki fita, kin san halin ruwan bana.

Mijinki, mai kewarki

*

Alhamis

Mai Awo,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. Ni ma da sauƙi, sai ciwon kai da ba ya sakina. Mama ta aiko cewa tabarau ya yi mata daidai.

Wasiƙarka ta iso ran Talata. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na zauna a ƙasa na sake karantawa. Ba labari ba ne. Babu babi na gaba. Takardar tana nan a cikin littafin, littafin yana ƙarƙashin katifa, ina jin sa a bayana in na kwanta kamar an sa dutse.

Na san ni na saba maka da wasa. Amma ka duba rubutun mana, ka taɓa ganin na rubuta maka labari layi yana karkacewa haka? Na miƙo maka hannu ina nitsewa, kai kuma ka tara mutane kuna tafi. Yanzu har Kuku ya san abin da uwata ba ta sani ba.

Kuma na ji abin da ka ce. Allah ya raba ka da irin wannan matar. Na gode da ka faɗa lokacin da ba ka san ni ce ba, don da ka sani da ka tausasa, da ban san ainihin abin da ke ranka ba.

Ga abin da ya faru tun daga ranar. An dakatar da Inna. Shekara ashirin da shida tana ɗaukar tiren nan, saura wata biyar ta ajiye aiki da mutuncinta. An kafa kwamiti, za su zauna ranar Litinin, sha ɗaya ga wata, mijin matar ma zai zo. Ana cewa korarta za a yi. Kafin nan an ce ni in riƙa kai tiren da kaina. Manaja har ya yaba mini a gaban mai gwaji, wai ni ce na fi kowa nuna damuwa ranar da ake nema. A littafin nan, ɗan sandan ya taɓa ce wa mataimakinsa ya riƙa lura da wanda ya fi kowa zafin nema. Da Manaja yana magana, maganar nan ce ke yawo a kaina.

Jiya bayan an tashi na je gidan Inna. Ban san me ya kai ni ba, wataƙila na ɗauka in na ganta bakina zai buɗe. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu, da injin ɗinki da ba ya aiki, an rufe shi da zane. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, “Ke da ciwon kai kike yawo a rana? Zauna, 'yata.”

Na ɗauka zan same ta tana rantsuwa cewa ba ita ba ce. Da hakan ne, da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, “Na yi ta tunani. Ranar nan na tsaya a baranda na gyara ɗankwalina, na ɗora tiren a kan taga. Akwai iska. Ina jin a nan ta tafi.” Na ce, “Inna, ba ki tabbata ba.” Ta ce, “Idon nan ya daɗe yana yi mini wasa, ban faɗa wa kowa ba. Manaja bai yi ƙarya ba. Ni dai abin da ke hana ni barci, yarinyar nan mai ciki. Da ta mutu fa, da me zan je gaban Allah?”

Ka ji? Ta ɗauki laifin ta yafa, har ta samo masa iska da taga.

Da zan tafi ta riƙe mini hannu tana murmushi, ta ce, “To, wa ya kashe mai agogon? Kin bar ni a rataye.” Kullum lokacin hutu nakan ba ta labarin inda na tsaya, ita ba ta iya karatu sosai ba. Na ce ban ƙarasa ba. Ta ce, “Ki yi a hankali yanzu, ba mai yi miki tari.”

Na fito na tsaya a bakin lungun na yi kuka har wata mai kanti ta miƙo mini ruwa.

Da na dawo na kunna talabijin, 'yan'uwan nan suna ta faɗansu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ka rubuto mini a matsayin mijina. Kada ka karanta wa kowa wannan.

Matarka

*

Alhamis

Mai Awo,

Sallama, da fatan kana lafiya. Ni ina nan.

Talata ta zo ta wuce, ba amsarka. Na je garejin motarku sau biyu, mai gadi ya ce motar ba ta dawo ba, bai san dalili ba. Wata motar ce za ta fita gobe, ita zan ba wannan. Na ce wa kaina ruwa ne. Sannan na ce, in ruwa ne, ai da an ji. Sannan na tuna maganarka a kan Kawu da fuskarka, na ce wataƙila amsar ke nan, shirun.

In ka yanke shawarar ba za ka iya da ni ba, ka faɗa da baƙi a kan fari. Na fi son in karanta a kan in yi ta ƙirƙira, ka san kaina ba ya zama wuri ɗaya. Tun Talata na kashe aurenmu sau uku a raina, na kwashe kayana, na dawo da su.

Jiya na gwada dabarar Kuku. Na sa takardar a aljihu na tafi da ita. Da rana baranda ta yi shiru, na tsaya a gaban babban kabad ɗin da ke kusa da taga, hannuna a aljihu. Sai na ga ai tagar ce, wadda Inna ta ce ta ɗora tiren a kai. In an tsinci takardar a nan, na sa wa ƙaryar da ta yi wa kanta hatimi ke nan. Na dawo da ita gida, na mayar shafinta.

Matar mai ciki ta zo awo yau, tana tafiya a hankali, mijinta na riƙe da jakarta. Ta miƙo mini kwalbarta ta ce, “Sannu da aiki, ƙanwata.” Na rubuta sunanta ba tare da na tambaya ba. Ta yi mamakin yadda na riƙe shi.

Kwamiti ran Litinin ne. Saura kwana huɗu.

Matarka, in har yanzu haka ne

*

Asabar, daga sansani

Matata,

Sallama. Ina lafiya, sai dai ban ci abin kirki ba tun jiya. Gada ce ta karye a bayanmu, motar ta yi kwana shida a wancan gefen kafin a yi wa gadar gyaran wucin gadi. Wasiƙunki biyu sun iso tare jiya da yamma. Na roƙi direban tankar ruwa da zai shiga gari gobe ya kawo miki wannan hannu da hannu.

Ki yafe mini. Na karanta ta farkon cikinsu na fita bayan tanti na zauna a kan bulo, na rasa inda zan sa kaina. Na koma na ɗauko waccan da na karanta wa su Kuku, na ga layukan da kika ce, sun karkace kuwa. Mutumin da aikinsa duba karkata ne, bai ga ta matarsa ba. Maganar da na yi a gaban su Kuku, baki ne kawai na mai neman a yi dariya. Ba da ke nake ba, ko da ke ce. Ba inda za ki, ba inda za ni. Ki daina kwashe kaya a ranki. Na ce musu kin fasa labarin, kuma ba wanda ya sake tambaya.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don tsoro nake ji. Mijin matar nan ransa a ɓace yake. Tsohuwa da idonta ya gaji, mutane za su tausaya mata, iyakaci su sallame ta. Amma yarinya da ta cusa sakamakon mai ciki a littafin labari, wannan ba wanda zai tausaya mata. Yana iya kai ki gaban hukuma. Kuma ba a wannan asibitin kaɗai maganar za ta tsaya ba, duk inda kika je neman aiki za ta riga ki isa. Ni kuma ina nan bayan karyayyiyar gada, ko rakiya ba zan iya yi miki ba.

Ga abin da nake roƙo. Kada ki ce komai ran Litinin. Ki bari su yi zamansu. Na nemi izini, ƙarshen wata zan zo. Zan je wurin Kawu ni kaɗai, in faɗa masa yadda zai fahimta, shi kuma ya ga Manaja a gefe. Manya sun san yadda suke gyara irin wannan ba tare da an tozarta kowa ba. Ko an sallami Inna, ana iya mayar da ita daga baya, ko a sama mata wani abu. Ba za mu yar da ita ba, na yi miki alkawari, za mu riƙa dubanta kamar uwa.

In kuma ba za ki iya riƙewa ba, to ki ce kin tsinci takardar a bayan teburinki, ta faɗa ne. Sakaci ne, za a yi miki faɗa, Inna ta fita. Amma littafin nan kada ya shiga maganar. Ki ƙona shi ma.

Mako uku kawai nake nema. Ki jira ni.

Mijinki

*

Lahadi, bayan la'asar

Mai Awona,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da kake lafiya, ka ci abinci don Allah. Ciwon kaina ya sauka yau. Direban tankar ya kawo wasiƙarka da hantsi, yana jira a bakin titi ya sha shayi, zai koma da wannan, don haka ba zan tsawaita ba.

Na yafe maka, tun kafin in kai ƙarshen shafin farko. Na sa wasiƙar a fuskata, tana warin man inji da hayaƙin Kuku. Na mayar da kayana inda suke.

Na yi tunanin mako ukun. Na san don ni ka nema. Amma gobe za a sa Inna a kujera a tsakiyar ɗaki, a tambaye ta, ita kuma za ta ce iska ce da taga, don ta yarda haka ne. Mijin matar zai dube ta da idon nan da na gani. Kawu yana iya mayar mata da tire daga baya, amma ba zai iya shiga kanta ya cire abin da ta sa a ciki ba. Mako uku za ta ƙara tana kwana da tunanin ta kusa kashe rai biyu. Ni na san nauyin kwana ɗaya na wannan tunanin, kuma nawa ne, ba nata ba.

Maganar bayan tebur ma na juya ta. Mun kwashe wurin nan ni da Manaja da mai gwaji, har kabad muka ja. In na ce a can na tsinta, tambaya ɗaya za su yi in fara ƙirƙira, kuma ka san ni, in na fara ba na tsayawa. Na gaji da labarin da nake ciki.

Abu ɗaya zan ɓoye, tarin. In aka ji tana yi mini gadi, za a ce da ita aka haɗa baki. Zan ce na ji takun Manaja ne.

Ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Na goge kayan da zan sa sau biyu. Na kunna talabijin don in ji muryar mutane a ɗakin, an nuna babban wan nan ya fito daga banɗaki ya miƙa makulli, ban san me ya sa ba, na rasa kashi biyu. Littafin saura shafi goma sha tara, ban karanta ba. Ina jin ba ɗan'uwan mai agogon ba ne, amma ka ce wa ranka ba za mu sani ba.

In ka zo ƙarshen wata, wataƙila ka same ni a gida ba aiki. Wurin Kawu kuma tare za mu je, ni zan yi magana.

Yanzu in na ba direba wannan, gidan Inna zan wuce, don ita ya kamata ta fara ji. Gobe ƙarfe takwas zan shiga gaban kwamitin da littafin a hannuna, takardar tana shafinta, in ajiye a kan tebur in ce ni ce.

Matarka